Inda Akkamma Za Ta Kwanta

Ni dai tun ranar da Fasto Thampi ya fara zuwa gidan tsofaffin da 'ya'yanmu suka ajiye mu, jinina bai haɗu da nasa ba. Duk Laraba, daidai lokacin da kunun shinkafa ya kwanta a ciki mutum yana neman ya ɗan runtsa, sai ka ji babur ɗinsa a ƙofa. Ya shigo cikin fararen kaya da ganga a hammata, mata biyu na biye da shi, wuyansu fayau, ko ɗan kunne babu. Su jera mu a baranda su yi ta dukan ganga suna Halleluya, sai ka ce Allah kurma ne.

Ran farko ya durƙusa gabana ya ce, "Ammachi Rahel, kin karɓi Yesu?" Haka suke kiran kowace tsohuwa, Ammachi, kamar su muka haifa.

Na ce, "Kai yaro, kakannina sun san Yesu tun ba a haifi wanda ya ƙera gangar nan taka ba. Kowa a nan da baftismarsa ya zo."

"Ta jarirai ce, Ammachi. Ba ki ma san an yi ba. Sai an nutsar da mutum da saninsa."

"To je ka nutsar da kakarka."

Dariya ya yi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya san sunan kowa, yana yanke wa tsofaffin maza farce, alhali Fadan cocinmu sai azumi da Kirsimeti muke ganinsa. Amma ni na san abin da 'yan cocin Fentikos irinsa ke nema. Kuma kowa ya san dokar tsohuwar cocinmu: wanda ya yarda aka sake masa baftisma ya fita daga cikinmu, ba za a binne shi a bayan coci tare da danginsa ba.

Akkamma ce abokiyar ɗakina. Mace ce shiru-shiru, kunnenta ɗaya ba ya ji, wuyan hannunta na hagu a karkace yake. Mijinta marigayi Korah babban mutum ne a cocinmu, shi ya gina hasumiyar ƙararrawa. Kabarin gidansu na farin dutse ne, a sahun gaba, da gurbinta a gefensa yana jiranta. Ɗanta Ninan yana Amurka, yakan leƙo ta waya idan ya tuna.

Sai na ga Akkamma ta fara jan kujerarta gaba ranar Laraba. Na yi tsaki na ƙyale. Wata safiya tana shafa man kwakwa a kai, na duba wuyanta na ga babu minnu, ɗan zinaren da miji ke ɗaura wa amarya ranar aure, wanda ba ya barin wuyan mace sai ta mutu. 'Yan Fentikos ba sa baftisma sai mace ta cire zinarenta kaf.

Da Laraba ta zagayo ban jira Fasto ya ajiye ganga ba.

"Ɓarawon gawa! Ka rasa matasa a gari, sai ka zo tsintar masu ƙafa ɗaya a rami? Matar nan kabarinta a shirye yake kusa da mijinta. Ina za ka kai ta? Maƙabartar nan taku ta tsaunin dajin roba, inda awaki ke kiwo?"

Ya ce, "Ammachi, ban tilasta wa kowa ba."

"Rufe mini baki! Yau ɗin nan zan kira ɗanta."

Na ja sandata na shige ɗaki ina huci. Akkamma ta biyo ni, ta rufe ƙofa, ta zauna bakin gadona. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Ke Rahel, wa ya aike ki? Wa ya ce miki ina son kwanciya kusa da Korah?"

Ta miƙo mini karkataccen hannun. "Wannan ba faɗuwa ba ce a bakin rijiya, yadda aka gaya wa mutane. Kunnen nan ma ba zazzaɓi ba ne. Tun ina amarya ido ɗaya a buɗe nake kwana kusa da mutumin nan. Sai da ya mutu na san daɗin barci. Yanzu ku ce in koma gefensa, a rufe mu da dutse har tashin matattu?"

Na ce, "Ki gaya wa Ninan mana."

"Na gaya masa. Ya ce kada in ba su kunya. Ranar da na mutu, inda ya ga dama zai kai ni, sai dai in coci ce ta ƙi ni."

"Shi ɗan gangar ya san dalilinki?"

"Ya sani. Ya tambaye ni ko na gaskata da Yesu. Na ce tun ina yarinya shi kaɗai nake kira idan ana dukana. Ya ce to."

Ban kira Ninan ba. Ranar baftismar da safe aka kai ta rafi a mota, na bi su, don ban yarda za su riƙe ta yadda ya kamata ba. Na tsaya a bakin ruwa da tawul ina zagin faston a zuci. Ya nutsar da ita, ta taso tana tari tana dariya, ni kuwa haushi da tausayi suka cika ni har na rasa wanda zan bi.

Tsakiyar damina Akkamma ta rasu. Aka sa ta a ɗakin sanyi har Ninan ya iso, da tumbinsa da muryar ubansa sak. Bai ko zauna ba ya fara faɗa.

"Wace baftisma? Uwata ta ruɗe, ba ta san hagu da dama ba. Wanka suka kai ta rafi. Kusa da mijinta za ta kwanta!"

Ya ɗauko Fada Kuriakose har barandarmu. Fasto Thampi yana tsaye a gefe, ruwan sama ya jiƙa fararen kayan, yana cewa shi da hannunsa ya yi mata baftismar. Ninan ya daka masa tsawa.

"Kai wa ke jin taka? Fada, a tambayi Ammachi Rahel. Ɗakinsu ɗaya, 'yar cocinmu ce ta gaske, kowa ya san ba ta shiri da mutanen nan."

Fada ya juyo gare ni. Na ga a idonsa yana so in sauƙaƙa masa. "Ammachi, kin ga an yi mata baftisma? Idan ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba, shi ke nan."

Na dubi faston. Da na ce ban gani ba, da ya fita daga gidan nan a matsayin maƙaryaci, da mun huta da ganga har abada. Allah ya sani na so hakan ƙwarai.

Na ce, "Na gani, Fada. Ni na riƙe tawul. Hankalinta ya fi na ɗanta, kuma ta nutse har gashin kanta."

Fada ya sunkuyar da kai. "To, Ninan, ba ni da abin yi. Ba ta cikinmu."

"Ke ma sun saye ki, munafukar tsohuwa!" in ji Ninan.

Na kwance bakin zanena na ciro minnun da Akkamma ta ba ni ajiya, na danƙa masa a hannu. "Ungo. Ta ce a mayar wa ubanka, shi ya ɗaura. Ka sa masa a gurbin, kada ya zauna wayam."

A tsaunin dajin roba aka binne ta, cikin jar ƙasa, babu kowa kusa da ita. Awakin ma suna nan, kamar yadda na faɗa. Na dawo na tarar an riga an naɗe katifarta.

Laraba ta gaba sai ga babur. Fasto ya zo ya durƙusa gabana, fuskar nan cike da murna.

"Ammachi Rahel, Ubangiji ya yi aiki ta bakinki. Ke kuma yaushe za mu je rafi?"

Na ce, "Ɗauki gangarka ka ba ni wuri. Ni nawa mijin bai taɓa ɗaga mini hannu ba, yana bayan coci yana jirana."