Rijiyar Mai Fenti

"Sake faɗa mini, don Allah," in ji mai fentin mota, ya dafa teburin ɗakin gwaji da hannu biyu.

"Ruwan rijiyarku lafiya lau yake," in ji ma'aikaciyar. "Wanda na je na ɗebo da kaina, babu ko ɗigon sinadari a ciki."

Sai ya zauna a benci. Tun ranar da gwajin farko ya nuna akwai sinadarin narkar da fenti a ruwan, bawan Allahn nan bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Matarsa na da tsohon ciki, kuma ruwan nan take sha tun cikin bai fito ba. Ya hana kowa taɓa guga, ya je ƙofar masana'antar da ke bayan layinsu, wadda yake zargi da gurɓata rijiyar, ya zazzage musu rashin mutunci, har sai da maigadi ya kora shi.

"To na farkon fa, Malama?"

"Abin da nake son tambayarka ke nan. A me ka kawo mana shi?"

"A kwalba mana. Daga gareji na ɗauko."

"Me ake zubawa a cikinta da?"

Sai ya tuna. Tinar! Wadda yake sirka fenti da ita kullum.

"Amma fa na ɗauraye ta, wallahi, har da sabulu."

Dariya ta ƙwace mata. "Malam, ashe kwalbarka muka gwada, ba rijiyarka ba."

Shi ma ya yi dariyar, kunya da daɗi sun haɗe masa, har da ƙwalla. Da ya miƙe zai tafi sai ta tsayar da shi.

"Da wannan rigar kake shiga ɗaki? Tun daga ƙofa na jiyo warin tinar a jikinka. Shi ma fa mai ciki shaƙa take yi."

A bakin ƙofar gida ya tarar da matarsa tana jira.

"Maigida, yaya?"

"Ruwa ƙalau. Sha abinki."

Ta dafa cikinta, ta sauke ajiyar zuciya, ta nufo shi.

"Tsaya daga nan," ya ce, yana ɓalle maɓallan rigar a tsakar titi. "Miƙo mini wata tukuna."