Wurin Zaman Auta

Ko zaren da ya maƙale mata a zani ba ta tsaya cirewa ba. Maman Auta ta rufe keken ɗinki, ta figi mayafi, ta ja ƙofar shago.

"Ina kuma za ki da sassafen nan?" in ji mai kitso, maƙwabciyarta.

"Makaranta. Ashe a ƙasa ake zaunar min da 'ya, gindin allo, inda masu laifi ke durƙuso. Yanzu uwar wata 'yar ajinsu ta gaya min."

"Ajin Malamar nan doguwa? Haba! Wadda ta kwashe yara ranar da rufi ya rufta, har katako ya karya mata kafaɗa? Matar da ake cewa fim ya kamata a yi da labarinta?"

"A yi fim ɗin. Ni zan fito a ciki yau."

Mai gadi yana ta "Baiwar Allah, tsaya!" amma ko waiwaye ba ta yi ba. Ajin yana can ƙarshen baranda. Ta tsaya a ƙofar baya, sai ga abin da idonta: yara reras a kan benci, Auta kuma ita kaɗai a gaba, zaune kan guntun kwali, ta ɗaga kai kamar mai roƙo.

"Malama! Me 'yata ta yi miki?"

Malama ta juyo da alli a hannu, kafaɗa ɗaya a ɗan karkace.

"Sannu da zuwa, Maman Auta. Mu ɗan fita waje mana."

"Ba inda zan fita! A gaban yara kika wulaƙanta ta, a gaban yara za ki ba ni amsa. Don ubanta ba ya da rai? Don ni ban yi boko ba? Ki ji tsoron Allah! Ana ta yabonki a gari, ashe zaɓen 'ya'ya kike yi."

Ta faɗi wannan, ta faɗi wanda ya fi shi. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Malama ta bari sai da ta gaji don kanta.

"To, tunda nan kike so. Ki tsaya inda kike, don Allah kar ki ƙara magana." Ta dafa kan yarinyar. "Auta, tashi ki dubi Ummanki. Idonta a buɗe yake ko a rufe?"

Auta ta tashi. Ta ƙanƙance ido, ta miƙa wuya, ta karkata kai. Tsakaninsu bai fi tsawon ɗaki ba.

"Malama, ban ga idon ba," ta ce a hankali. "Amma dai na san tana fushi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Maman Auta ba ta san lokacin da ta biyo Malama baranda ba.

"Daga benci ba ta ganin allo ko kaɗan," in ji Malama, murya ƙasa-ƙasa. "Bencin kuma a haɗe yake, ba ya matsuwa gaba. Na ba ta kujerata, sai ta tare wa na baya. Shi ya sa kwali. Na sha aiko ta ta kira min ke, kullum sai ta ce kina da aiki. Na yi niyyar zuwa shagon da kaina ranar hutu."

"Ba ta taɓa gaya min ba."

"Ta ce in aka kira ki makaranta, duka za ta sha."

Maman Auta ta kama bakin mayafi ta toshe baki. Sau nawa ta rankwashi yarinyar nan don ta kawo baƙin zare a maimakon shuɗi? Sau nawa ta ce mata makauniya, da wasa da gaske, in ta yi tuntuɓe da bokiti? Ita da ke zura zare a allura ko ba fitila, 'yarta na lalube a gabanta ba ta gani ba. Kuma kullum yarinyar ita kaɗai take tsallaka babban titi.

"Innalillahi," kawai ta iya cewa.

"Ki kai ta asibitin ido. In sha Allahu tabarau ne kawai."

Da ƙasa za ta tsage da Maman Auta ta shige. Amma ta gyara mayafi, ta koma ƙofar da ta tsaya ɗazu.

"Yara, ku saurara. Abin da na faɗa wa Malamarku ƙarya ne, ni ce ban san komai ba. Malama, don girman Allah ki yafe ni."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Auta, ɗauki jakarki. Ku kuma, ido a allo."

A bakin titi suka tsaya jiran bas. Akwai ɗinkin mutane a shago, amma yau sai dai su yi haƙuri. Maman Auta ta dubi 'yarta. Sai ta durƙusa wai za ta gyara wa yarinyar wuyan riga, fuskarsu ta zo dab da juna.

Auta ta ƙura mata ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga yatsa ta taɓa gefen goshinta.

"Umma, yaushe kika yi furfura?"

Bas ta zo, yaron mota na ta kira. Maman Auta ba ta tashi ba.

"Duba da kyau," ta ce. "Wata motar za ta zo."