Kwaɗin da Ba Ni Na Kamo Ba

Ni ne Mati na Ƙofar Guga. Ban taɓa zaman aji ba, amma na yi shekara arba'in ina haƙar ƙasar gini a bakin kududdufi. Rami ya rufta da ni sau biyu, kwalara ta kwashe gidanmu ta bar ni, maciji ya sare ni na wayi gari ina shan fura. Kowa ya sha jin wannan a bakina. Abin da ban faɗa ma kowa ba, gwiwata ta daina sauka gangare.

Bara da damina jikata Furera, mai karatun ƙwayoyin cuta a jami'a, ta zo da bokiti.

"Angona, kwaɗi uku nake so masu rai. Ko tsufa ya hana?"

"Ni? Amarya, kwaɗin garin nan da sunana suke tsorata 'ya'yansu."

Ta ce kwaɗo na zaune cikin ƙazanta amma fatarshi ba ta ruɓewa, don yauƙin jikinshi na kashe ƙwayoyin cuta. In ta gano abin da ke kisan, sai ta kwafo umarnin haɗa shi daga jikin kwaɗon ta dasa cikin yis irin na burodi. Yis ya riƙa yin maganin, kwaɗi su huta.

Na je kududdufi, na dubi gangaren, na dubi gwiwata, na juyo. A hanya na iske Audu direban tifa yana sauke ɗanyen yashi, ga wasu ƙananan kwaɗi masu ratsin ɗorawa suna tsalle a ciki. Ya kama mani uku. Na shafa laka a wando, na kai mata.

Ta goge bayansu da auduga ta ɗebi yauƙin, ta ce in maida su inda na kamo. Na juye su a kwata.

Bayan wata biyu ta shigo da gudu. Yauƙin ya kashe wata ƙwayar cuta da ta gagari magunguna! Sai dai ya ƙare a gwaji, tana buƙatar irin kwaɗin nan.

"A ina ka kamo su?"

"Kududdufinmu mana. Da hannun nan."

Wallahi bakina ne ya riga ni.

Rani ya shigo, kwaɗi suka ɓuya. Bana ruwa na sauka ta sayi takalmin roba ta shiga kududdufin da kanta. Ta kama sun fi sittin. Babu mai ratsi, babu wanda yauƙinshi ya yi aiki. Ni kuwa ina tsaye a tudu ina nuna mata da sanda: "Can, wajen ciyawar." Malaminta ya ce in ba ta maimaita gwajin ba kafin ɗaukewar ruwa, za a soke aikin ta faro wani.

Ranar Juma'a da hantsi ta zauna gefen tabarmata. Tsakanin yatsun ƙafarta duk ruwa ya cinye. Ba ta ce mani ango ba.

"Kaka, ƙila ni ce ban iya ba."

Ramin da ya rufta da ni bai danne mani ƙirji haka ba. Na faɗa mata komai, har lakar wandon.

Ta dubi ƙafarta, ta ce:

"Wata uku kana nuna mani ciyawa."

"Ƙwarai."

"Wane rafi Audu ya ɗebo yashin?"

"Ban tambaya ba."

Ta ɗauki bokiti ta fita, na bi ta da ɗingishi har inda tifofi ke tsayawa. Da ta tambayi Audu ya yi dariya, ya ce ya san wurin, yanzu ma can za shi. Aka cicciɓe ni gaban mota, mutum biyu, a idon jama'a.

"In mun isa ni zan..." na fara.

"Ka riƙe bokitin, Kaka," in ji ta. "Ni zan shiga ruwan."