Gwangwanin Amshi

Jiya da dare, bayan na jingine gurmina a bango, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a cikin akwatin talabijin na ɗakina, nan ƙasar Turawan da na zo karatun kiɗa. Akwatin ba wani girma gare shi ba, amma akwai titi a ciki, da tashar mota, ga ƙanƙara tana tashi daga ƙasa tana komawa sama. Ban yi mamaki ba. Wanda ya ci hunturu a garin nan, mamakinsa ya ƙare.

Shugabar gidan talabijin ɗin wata agwagwa ce mai tabarau. Na yi mata sallama, ta duba agogo. Ta ce yau ce jarrabawata ta ƙarshe: in rera waƙa ga masu kallo. Idan an amsa mini, in fita in koma gida. Idan ba a amsa ba, na zauna ke nan a akwatin, a riƙa saka ni tsakanin tallan sabulu da labarin yanayi.

Na ce mata ai waƙarmu ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. Mawaƙi ya jefa, 'yan amshi su cafe. To ni ina zan samo 'yan amshi a nan?

"A gwangwani," in ji ta.

Sai ga ni a kanti. Gwangwanaye har rufi: na dariya, na tafi, na tausayi. Mai kantin, wani dogon mutum marar inuwa, ya fasa mini ɗaya in ɗanɗana. Dariyar taron jama'a ta fito, ta zaga kantin, ta mutu. Na san ta sarai. Ita nake ji kullum a wasannin Turawan nan na talabijin. Mutum ya yi magana, waɗansu da ba ka gani su kwashe da dariya, kai kuwa kana zaune da farantin taliya a cinya, an ma hutar da kai, an yi maka dariyarka. Na tambayi na amshi. Ya ce akwai guda da ya daɗe ba mai saye. Na buɗe, wayam.

Sai ga ni a gaban gilashin akwatin, gurmi a hannu. Ta cikinsa ina hango ɗakunan masu kallo. Kowane ɗaki mutum ɗaya. Na kaɗa tsirkiya, na jefa baitin: "Ina mutanen gida?" Amshinsa ko yaron goye ya iya: "Ga mu nan zaune."

Wani tsoho ya dube ni da ladabi, yana tauna. Ya danna abin canza tasha, na faɗa wani ɗakin. Wata tana guga. Wani ya yi barci da takalminsa. Na sake jefawa, na sake, har maƙogwarona ya bushe. Ba mugunta ba ce, ka ji, tarbiyyarsu ce haka, ba sa katse mai magana. Amma wallahi kaɗaici ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a farke.

Aka sake dannawa, sai ga tsakar gidanmu a Malumfashi.

An fito da talabijin an ɗora kan turmi yadda aka saba. Maƙwabta sun cika tabarmi, ana gardama, ana miƙa gyaɗa. Ga Goggo Laraba, yayar babana da ta rene ni, a kan 'yar kujerarta, a gaba-gaba. Goggo ba ta taɓa barin sallamar mai karanta labarai ta faɗi ƙasa ba. Sai ta amsa, ta tambaye shi gajiya da iyali. In wasan kwaikwayo ne, ta ja wa mugu Allah ya isa, ta gaya wa yarinya ta waiga yana bayanta. Mukan yi mata dariya mu ce ba sa jin ta. Takan ce wanda ya yi sallama a gidanta baƙonta ne.

Na yi sallama. Na jefa baitin da ragowar muryata.

Ta ɗago kai. Ta gane ni, ta dafe ƙirji. Na ga bakinta ya buɗe, na ga hannunta yana tafi, na ga duk tabarmin sun ɗauka tare da ita. Ban ji komai ba.

"Ba a amsa ba," in ji agwagwa.

"Dubi bakinta mana, ranki ya daɗe."

"Gilashin nan fitar da murya yake yi, ba ya shigo da ita. Tun asali haka yake."

Ashe duk shekarun nan gaskiyarmu ce, ba wanda ya taɓa jin ta, kuma ba ta fasa ba. Na manna kunnena a gilashin. Sanyi kawai. Goggo ta matso, tana ta maimaitawa, ni kuma ana jan rigata ta baya, wai lokacin tallan sabulu ya yi.

Ƙarar motar kwashe shara ce ta tashe ni. Ashe ban kashe talabijin ba. Wata Baturiya tana tsaye gaban taswira, ta ce barka da safiya da yarensu.

Na ce mata lafiya lau, ina gajiya, yaya yara. Na ɗan jira.