Kujerar Sahabi

A shekarar da ake share hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, makarantar sana'a ta tura Sahabi wurin Malam Ɗahiru kafinta, ya koyi aiki na wata shida. Malam Ɗahiru yana da doka ɗaya. Ɗalibi zai haɗa kujera ba ƙusa ko ɗaya, ya kai ta gidansu a zauna a kai kwana talatin. In ta dawo ba ta girgiɗi, ya samu wurin zama a shagon. In ba haka ba, ya koma gona.

Sahabi ba abin da yake tsoro kamar gona. Ya zaɓi maɗaci da aka kawo daga Tsafe, ya yi wata biyu yana goge katako har yana ganin haƙoransa a jiki. Kujera ta fito doguwa, da majingina, irin ta ofis. Ya ɗora ta a ka har garinsu Nahuce, ta Bungudu, yana tafe yana taƙama.

Mahaifiyarsa, Kulu, ta zagaya kujerar sau biyu. Ta dubi mijinta Labbo, masassaƙin turame, yana zaune a kan buzu.

"In hau nan bisa, babanka na ƙasa? Ba ni zamnawa," in ji ta.

Labbo ma ya ce shi ba biri ba ne. Sai Kulu ta jera ƙorenta a kai, ta lulluɓe da zane. Sahabi ya koma Gusau ransa a ɓace.

Ranar da ya zo ɗaukar kujera, ya iske mahaifiyarsa a bakin murhu, ta jingina tana tuƙa tuwo. A kan kujerarsa take, amma kujerar ba ta fi taki ɗaya daga ƙasa ba. Labbo ya sa gizago ya rage mata ƙafafu.

"Na gyara maka ita, ɗana," in ji Labbo. "Ka manta ba ka yanke ba."

Sahabi ya ji kamar ya yi kuka. Ya kwaso guntayen ƙafafun, ya ɗauki kujerar da ta sha hayaƙi, ya kai wa Malam Ɗahiru, kansa a sunkuye.

Malam Ɗahiru ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Sannan ya kifa kujerar, ya jijjiga kowace mahaɗa da ƙarfi. Ko ɗaya ba ta motsa ba.

"Ta sha gizago da tuƙin tuwo, ba ta saki ba. Ka samu wuri. Aje ta can."

Sahabi bai ajiye ba. Ya tsaya yana shafa majinginar, inda bayan mahaifiyarsa ya goge katakon.

"Malam, a ba ni kwana biyu in mai da ta. Inna na da ciwon baya, kuma tun da aka haife ni, sai yanzu nig ga ta jingina."