Wayar da Na Samar wa Rami

Jikata 'Yar Firit ta gama digiri, muna cikin barka sai ta ce saura na biyu. Na ce, "Na farkon ɓata ya yi?" Ta ce yanzu za ta koyi yadda kwamfutoci ke kai wa juna zance ne. Na ce, "Gulma dai. Shekara biyu za ki kashe a kan abin da na iya tun ban yi haƙori ba?"

Ranar jarrabawarta ta ƙarshe na kafe sai na je. Ta ce, "Kaka, malamai biyu za su duba aikina. Sukan ɓata wani abu a ɓoye, su ba mutum minti ashirin ya gano. In na kasa, sai baɗi. Don Allah ki zauna ki naɗe hannu."

Na ce, "Ni na taɓa taɓa kayan mutane?"

Ɗakin jarrabawar nan ya kashe min baki. Sanyi kamar cikin firij. Ga dogayen kabad na ƙarfe cike da baƙaƙen akwatuna, kowane da ramuka a jere, wayoyi shuɗaye da rawaya sun fito an kama su tsaf kamar kitso. Ga 'yan fitilu koraye suna ƙifta ido, wai kowace ƙiftawa saƙo ne ya wuce. Ta ce akwai irin wayoyin nan kwance a ƙasan teku, kifi na ratsawa ta kansu, kuma muryar ɗana da ke ƙasar waje ta nan take biyowa ta iske ni a gado. Ikon Allah! Ni da nake taƙama ina kai labari ƙarshen layinmu kafin shayi ya huce, sai na ji ni ba kowa ba ce.

Ta fita kiran malaman. Ina zaune, hannu a naɗe, sai na hango wata waya tana lilo, kai ɗaya a rami, ɗayan yana jan ƙasa. Ga rami fanko a gefenta. Haba, baƙi za su shigo su ga yarinya da aikin ƙazanta? Na naɗe rarar, na cusa kan, ya ce ƙyas.

Jama'a, fitilun nan suka haukace. Duk ɗakin ya ɗauki ƙyalli kamar an watsa wa kaji tsaba. Na koma kujera na zama mutuniyar kirki.

Suka shigo, Farfesa mai sanƙo da wata Dakta mai tabarau. Farfesa ya dubi fitilun ya ce, "Dakta, ba ki da tausayi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka dai rufe naka." Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya yi ɓarnar. Farfesa ya duba agogo ya ce, "Bismilla."

'Yar Firit ta buɗe kwamfutarta, ta danna nan, ta danna can, ko akwati ɗaya bai amsa mata ba. Minti goma suka tafi. Gumi a goshinta, cikin wannan sanyi. Magana ta zo min har maƙogwaro, amma in na faɗa, an ba ta amsa ke nan, shekara ta tafi. Na ciji mayafi.

Sai ta rufe kwamfutar, ta tsaya gaban kabad, ta fara bin wayoyin da yatsa. Ashe kowace ta manna mata 'yar takarda a kai da gindi, da rubutun hannunta. Ta bi, ta bi, har ta iso kan tawa marar takarda. Ta zare. Fitilun suka lafa kamar jaririn da aka ba nono.

Ta ce, "Waya ɗaya ce, kanta biyu a akwati ɗaya. Saƙo ya fita ta nan, ya dawo ta can, akwatin ya ɗauka sabo ne, ya sake faɗa wa kowa, har hanya ta toshe." Wannan kam na gane. Na taɓa ba matar tela labari, ya zagayo ya dawo min da ƙari, na sake kai mata da zafinsa.

Farfesa ya ce, "Me ya sa akwatin bai tare shi ba?"

Ta ce, "Laifina ne. Akwai mai gadi a cikinsa, na kashe shi lokacin gwaji, na manta ban tashe shi ba." Ta yi 'yan danne-danne, sannan da hannunta ta mayar da wayar ramin da na sa ta. Na runtse ido. Da na buɗe, fitilu na ƙiftawa a natse. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ita ce ta ce wa ƙarfe kul, ya ji. Dakta ta ajiye biro ta ce, "Kin wuce."

A mota ta ce, "Kaka, wa ya taɓa wayar?"

Na ce, "Daktar nan, da ganin idonta."

"Dakta ce ke naɗe waya irin naɗin igiyar shanyarki?"

Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba sai takardar shaida ta fito. Wata bakwai ina riƙe da labari, har na rame. Jiya takarda ta iso, yau da safe na aika a sayo min biro.