Gilashin Wayar Baba

Mai kayan waya ya sa farcensa, dogo baƙi ƙirin, ya ɓamɓare tsohon gilashin da ke kan fuskar wayar. Malama ta kau da kai. Maiƙo da gumi da ɓurɓushin abinci na shekara uku sun daskare a gefen gilashin kamar gindin tukunya.

Wayar mahaifinta ce. Gilashin ya tsage tun bara, jiya kuma tsagin ya yanke shi a babban yatsa. Mai ciwon suga ne, ƙaramin rauni ma sai ya yi wata bai warke ba. Yana can asibiti ana duba yatsan, ita kuma ta baro ajinta ta zo a canza gilashin.

"Wanne za a sa, Malama? Akwai mai duhu, na kusa da ke ba zai ga abin da kike karantawa ba. Akwai mai kauri, ko guduma aka buga..."

"Tsoho ne, me zai ɓoye? Sa mai haske."

Ya yage kwalin da haƙori. Ya kara wayar a baki ya hura mata iska, har da feshin yawu, sannan ya goge da bakin rigarsa, daidai inda ta ga ya share hanci ɗazu.

"Bawan Allah, ba ga ƙyallen gogewa a cikin kwalin ba?"

"Wannan ai ado ne. Shekarata tara a sana'ar nan."

Ya manna sabon gilashin. Iska ta taru a ƙarƙashi wuri uku, ga wani gashi a nannaɗe a tsakiya, da gani na gemunsa ne. Ya lashi yatsa ya hau murzawa.

"Zai baje da kansa."

"Har gashin?"

Ya yi dariya. Ta biya, ta karɓi wayar da yatsa biyu ta naɗe a takarda.

A cikin bas ta buɗe ta duba. Gashin na nan. Ta tuna wannan abin Baba zai riƙa karawa a kumatu. A ƙofar asibiti ta ɓamɓare gilashin ta jefa a kwandon shara. Ta roƙi wata nas auduga da sifirit, ta goge wayar sau uku, ta wanke hannu har gwiwa.

Baba na zaune a benci, yatsa a ɗaure.

"Ina sabon gilashin?"

"Na jefar. Kar ma ka tambaye ni. Gobe zan sayo wani in sa da hannuna."

Ya kunna wayar. Ya matso da ita, ya nisanta, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Ya sake ƙura wa rubutun ido.

"Lafiya, Baba?"

"Wata shida ke nan rubutu na yi mini dishi-dishi a wayar nan," ya ce a hankali. "Na ɗauka sugan ne ya fara cin idona. Ban gaya wa kowa ba, ko uwarku."

Malama ta zauna a gefensa.

"Kada ki sayo komai," ya ce.

"In ta faɗi ta fashe fa?"

"Ta fashe."

Ya buɗe saƙonnin da suka taru, ya fara karanta mata su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har da na kamfanin layi.